Cokali Biyu na Man Kifi

Ranar Lahadi

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya lau. Yaya gwiwar nan taka? Kana shan maganin kuwa, ko har yanzu yana kan taga yana shan rana a madadinka? Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ina cin abinci sosai, kada ta fara.

Baba, yau ba zan yi dogon zagaye ba don raina a ɓace yake. Za su tsaga cikin Dusa su cire mata mahaifa. Har an sa rana, Alhamis nan da mako uku.

Ka gane Dusa, karyar nan mai launin ƙasa-ƙasa da na aiko da hotonta Inna ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki. A wannan cibiya tamu ta renon karnukan da ke yi wa makafi jagora, uwaye uku kaɗai muke da su masu haihuwa, kuma ita ce ta gaba. Shekara tara ke nan ina ɗakin reno, a tafin hannuna ta faɗo duniya. Haihuwarta biyu a baya, 'ya'ya goma sha uku, sha ɗaya daga cikinsu suna bakin aiki yanzu haka. Akwai wanda kullum safiya yake tsallakar da wani malamin makaranta babban titi, shekara biyu ke nan mutumin ko tuntuɓe bai yi ba.

To, wannan karon ta haifi bakwai, kuma shekaranjiya suka cika mako takwas aka yi musu gwaji. Gwajin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Mai horo zai gangara ƙwallon tsumma ya ga ko kwikwiyo zai bi shi da ido. Sai ya yar da tarin makullai a bayansa ya ga ko zai yi saurin dawowa hayyacinsa. Na ƙarshe shi ne na raga. A ajiye kwanon abinci a bayan ragar waya mai lanƙwasa, kwikwiyo yana ganin abincin yana jin ƙanshinsa, amma ba zai kai gare shi ba sai ya juya masa baya ya zagaya. Karen da zai ja makaho dole ya iya wannan, domin wata rana zai tarar an haƙa rami a hanyar gida.

'Ya'yan Dusa na baya kafin ka ƙifta ido sun zagaya. Waɗannan kuwa biyar cikin bakwai tsayawa suka yi suna tura hanci a waya suna kuka. Ƙaraminsu sai da hancinsa ya goge ya yi jini, na tsallaka na ɗauke shi ba tare da an ba ni izini ba. Ƙwallon ma sai ya wuce su sannan su juya neman sa. Kuma da ka gan su, Baba, ɓul-ɓul da su, gashi na ɗaukar ido, ba tari ba zawo. Wallahi ban taɓa renon 'ya'ya masu kyan gani irinsu ba.

Dokar cibiya ta ce uwar da fiye da rabin 'ya'yanta suka faɗi gwaji, a daina barin ta haihu. A yi mata aiki, a ba wani ya riƙe ta a gida. Abin da ke ci mini rai shi ne Dusa ce ta ƙarshe a jininsu. 'Ya'yanta na baya duk an yi musu aikin hana haihuwa kafin su fara jagora, kamar yadda ake yi wa kowane karen aiki. Daga wannan haihuwar aka so a zaɓi macen da za ta gaje ta. In wuƙa ta taɓa ta, shi ke nan, an rufe gidan.

Na je wurin Manaja. Sabo ne, bara aka kawo mana shi, mutumin da bai taɓa kwashe kashin kare ko sau ɗaya ba, kullum yana rungume da fayil kamar jariri. Ya ce wai jininta ne ya juya, haka take faruwa in karya ta kai shekara shida. Na ce masa jini ba madara ba ne da zai kwana ya yi tsami. Sai ya cire tabarau ya tuna mini cewa aikina ba da abinci ne da wanke ɗaki, maganar jini kuwa akwai masu ita. Na fito na bugo masa ƙofa har agogon bango ya karkace. Na san me za ka ce, kuma ban yi nadama ba.

Baba, shekara talatin ka yi kana malamin dabbobi. Ka taɓa ganin lafiyayyiyar uwa, da uba ɗaya, a ɗaki ɗaya, ta tashi rana tsaka ta haifi 'ya'yan da kansu bai ja? Ka rubuto mini da wuri. Ni dai ba zan tsaya ina kallo a yanka ta a kan zato ba, sai dai a yi wadda za a yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka da ka raɗa wa
Barkono


Ranar Laraba

Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Na ji daɗi da ka ce gwiwar ta yi sauƙi, ko da yake na san ko tana ciwo haka za ka ce.

Takardarka ta iso ranar Asabar. Na cika maka shafi uku, kai kuwa layi biyu ka maido mini: me ta ci tana da ciki, kuma na sa hancina na shinshina da kaina? Ba zan ɓoye maka ba, tsaki na yi. Na ce tsohon nan har yanzu yana ɗaukata 'yar koyo. Abincin Dusa a cibiya muke haɗawa, garin masara da dafaffen nama da cokali biyu na man kifi. Ni nake zubawa, ni nake sa hannu a katin abinci da ke rataye a ƙofarta, kullum ta Allah.

Amma maganarka ta hana ni sakat. Litinin da safe na ɗauko jarkar man, wannan ruwan ƙasar da muka daɗe da ita, na buɗe na kai hanci. Ba komai, Baba. Ko alamar ƙarni babu. Na ɗiga a yatsa na lasa, sai na ji man masara, irin wanda ake suya da shi. Nan take na zauna a kan buhun gari, domin kafin ma in je in tambayi kowa na riga na san yadda aka yi.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba don kunya. Wata shida da suka wuce na tashi aiki na hau bas. Ka san man kifi, ko ka wanke hannu sau biyar yana nan a farce da hannun riga. Wata mata da na zauna kusa da ita ta ja gyale ta toshe hanci, ta tashi ta koma baya, ta ce da ƙarfi wai a riƙa ware wa masu tallan kifi motarsu daban. Aka bushe da dariya. Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar haka na haɗiye fushina har na sauka. Washegari na sauke fushin a kan Mai Sito, dattijon nan mai kula da kayan abincinmu, wanda bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Na jefa masa rigar aikina a tebur, na ce ko dai ya samo mai mara ƙarni, ko ya riƙa zuwa yana zuba musu da kansa. Na yi ta zuba, yana ta ba ni haƙuri.

Bawan Allah ya je ya tambayi dillalin da ke kawo mana kaya. Dillali ya ce masa ai mai mai ne, in dai don gashi ne na masara ma ya fi. Ya kawo ya juye a tsohuwar jarka, ya ce mini an samo mara ƙarni. Ka san me na yi? Tafi na yi, har da dafo masa shayi. A raina na ce ƙila man kifin ne aka tace. Ban tambaya ba, Baba, kuma in zan faɗi gaskiya, ban tambaya ba ne don ba na so a ba ni amsar da za ta maido mini da ƙarnin.

Kada ka ce ina neman mafaka, amma duk cibiyar nan ba wanda ya lura, kuma na san dalili. Mu masu karnuka da gashi muke auna mai. Tun da na fara aiki haka aka koya mini: ka shafa bayan kare, in gashi ya kwanta yana sheƙi, mai ya yi. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka cokali biyun nan kwalliya ce. Da aka canza, gashin ma ya ƙara kyau, har Mai horo yana yaba mini. Manyan karnuka ba su nuna komai ba. Dusa ce kaɗai ta yi ciki tun da aka canza man, shi ya sa laifin ya faɗa kanta.

Jiya Talata na tare Likita, wadda take zuwa mana sau biyu a mako, kuma ita aka ba aikin Dusa. Na miƙa mata jarkar. Ta shinshina, ta dube ni, ta ja kujera ta zauna. Ta yi mini bayanin da ya kamata a ce na nema tun shekara tara. Ta ce akwai wani kitse da ake kira omega, kala-kala ne, amma biyu ne suka shafe mu, mai lamba uku da mai lamba shida. Mai lamba shida shi ne ya cika man masara, jiki yana buƙatarsa, kuma shi ke gyara fata da gashi. Mai lamba uku kuwa, irin wanda ke cikin man kifi, da shi ake gina ƙwaƙwalwa da tantanin bayan ido, wanda ke ɗaukar gani. Kwikwiyo ba ya iya haɗa isasshe a jikinsa, sai abin da uwa ta ba shi ta mahaifa a makonnin ƙarshe na ciki, da wanda ya sha a nono. In uwa ba ta ci ba, sai ta ɗan yaga daga ajiyar jikinta, in ta ƙare ta ƙare. Ta ƙara da cewa su biyun hanya ɗaya suke bi a jiki, don haka in mai lamba shida ya yi yawa sai ya tare wa ɗan'uwansa ƙofa. Abincinmu kuwa masara ce da nama, ba inda mai lamba uku zai fito sai wannan cokali biyun.

Na tambaye ta ko za ta rantse man ne ya jawo. Ta ce ba za ta rantse ba, don ƙwaƙwalwa ba abu ɗaya ke gina ta ba, amma ba za ta so ta sa wuƙa a cikin karyar da aka hana abincinta wata shida sannan a ce jininta ne ba. Sai dai ita ma a ƙarƙashin Manaja take, ba ta da ikon ɗage rana.

Mako tara na ciki, mako takwas na reno, da hannuna na riƙa zuba mata abin da ba shi ba ne, tana kaɗa mini jela. Jiya da na shiga ɗakin 'ya'yanta ƙaramin ya zo yana lasar takalmina, sai da na fita bayan tanki na yi kuka mai isata. Na gama na wanke fuska. Tun jiyan na sa an kawo man kifi na gaske, kowa a cibiya yana toshe hanci, ko a jikina.

Gobe zan shiga wurin Manaja da jarkar. Ka sa ni a addu'a, amma kada ka roƙa mini sanyin hali, ba shi nake buƙata yanzu ba.

'Yarka,
Barkono


Ranar Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya. Na samu takardarka, na kuma ga inda Inna ta sa aka ƙara cewa in yi wa Allah in rufa wa kaina asiri. Ka ce mata na ji, kuma ina ƙaunarta.

Ka ce in bar Likita ta ɗauki maganar, ni in koma gefe, tunda an riga an gyara man kuma na gaba ba za su cutu ba. Baba, kai ne kuwa? Kai da ka taɓa tsayawa a gaban mai gona ka ce ba za ka sa hannu a takardar shanun da ba ka duba ba? Tsufa ne ko tausayina ne ya sa ka faɗi haka? In tausayi ne na gode, amma ba zan ɗauka ba.

Ga yadda muka yi da Manaja. Na ajiye masa jarkar a kan fayil ɗinsa. Bai ko shinshina ba. Ya aika aka ciro katunan abincin Dusa, ya baje su a tebur kamar mai shanya, kowanne an rubuta man kifi cokali biyu, kowanne da sa hannuna a ƙasa. Ya ce shi da takarda yake aiki ba da hanci ba. Ko dai katunan nan gaskiya ne, Dusa ta ci abin da ya kamata kuma jininta ne ya gaza, ko kuma ƙarya ne, wadda ta sa hannu ta yi wata shida tana rubuta abin da ba ta bayar ba. Na biyun kuwa hukuncinsa a rubuce yake, kora ce.

Sai ya sassauta murya, wai shi ba ya so a rasa ma'aikaciya irina. Wai in mayar da jarkar sito, mu yi kamar ba mu yi maganar nan ba. Dusa za ta samu gida mai kyau, har akwai wani mai lambu da ke son ta, za ta ƙarasa rayuwarta a inuwa. Kowa ya huta.

Ba zan ce maka ban ji kwaɗayin hakan ba. Ina son aikin nan, Baba. Ban iya wani ba, kuma ban taɓa son wani ba. Shi har ya fara tattara katunan yana ganin an gama. Sai na tuna cewa in na yarda, za a rubuta a littafin cibiya cewa Dusa ce ta haifi daƙiƙai. Duk wanda ya buɗe nan da shekara ashirin haka zai karanta, kuma ba wanda zai san an taɓa zuba man suya a jarkar man kifi, ballantana ya kiyaye. Ita ba ta da bakin da za ta ce ƙarya ne. Na ce masa katunan ƙarya ne, kuma ni na rubuta su.

Ya ce ranar aiki tana nan daram, sai in kwamitin cibiya ne ya ɗage, kuma kwamiti ba ya zama don mai wanke ɗaki. Ashe yana zama. Likita ce ta nuna mini cewa duk ma'aikacin da ya kai ƙarar kansa a rubuce, dole a saurare shi kafin a yanke hukunci a kan abin da ƙarar ta shafa. Ka ji doka! Ba ni da ikon kai ƙarar Manaja, amma ina da ikon kai ƙarar kaina. Na zauna a kan benci na rubuta, na kai da hannuna. Za su zauna ranar Laraba, ana gobe aikin.

Mai Sito ya zo ya same ni ina wanke kwanuka, idonsa ya yi ja, ya ce shi zai je ya ce shi ya canza. Saura masa wata biyar ya yi ritaya. Na ce masa in ya sake ya buɗe baki a wurin nan sai na yi masa abin da ya fi na ranar riga. Ya yi dariya yana share ido. Ba zan yi ƙarya in an tambaye ni wa ya juye man ba, amma zan faɗi wa ya tsaya a kansa da masifa har ya juye.

Kada ka damu da inda zan sa kaina. Mai hannu biyu ba ya rasa abin wankewa. Ka dai daina ba ni shawarar da kai ba za ka bi ba.

Ina gaishe ku ƙwarai.

Taka mai taurin kai,
Barkono


Ranar Asabar, ƙarshen wata

Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya Inna, yaya haƙuri da ni? Ka yafe mini jinkirin amsa, na so ne sai komai ya kammala in rubuto gaba ɗaya. Takardarka ta ƙarshe, wadda ka ce ka janye maganarka kuma in je in tsaya da ƙafafuna, da ita na shiga ɗakin kwamiti a aljihu.

Ba a yi wa Dusa aiki ba. Bari in fara da wannan don ka sauke numfashi.

Mutum uku ne a kwamitin. Shugabarsu wata dattijuwa ce makauniya, tsohuwar lauya, kuma karyar da ke kwance a ƙarƙashin teburinta 'yar Dusa ce ta haihuwar fari. Ni na yaye ta. Ta gane ni sarai, na ga kunnenta ya motsa, amma tana bakin aiki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Manaja ya yi ta karanta katuna da lambobin doka har ɗaya daga cikinsu ya fara gyangyaɗi. Da aka zo kaina, ban yi dogon jawabi ba. Na zo da kofuna biyu, na zuba man kifi a ɗaya, na jarka a ɗaya, na ce duk mai ido a cibiyar nan ya yi wata shida yana kallon waɗannan yana cewa abu ɗaya ne, ni ce kuma ta farko. Shugabar ta miƙo hannu na sa mata su. Ta shinshina na farko ta yamutsa fuska, ta shinshina na biyu, ta ce ita dai da a hannunta aka bar jarkar da ba a kai ga haka ba. Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Likita ta maimaita bayaninta na omega, kuma ta sake cewa ba za ta rantse ba. Na so ta ƙara gishiri ko kaɗan ne, ta ƙi, kuma yanzu na ga gara da ta ƙi. Shugabar ta tambaye ni wa ya nemi a canza man. Na ce ni. Wa ya sa hannu? Ni. Na san amfanin man kifin lokacin da nake neman a raba ni da shi? Na ce ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shekara tara. Ta tambayi dalilin da ya sa na kawo ƙarar kaina alhali ba wanda zai taɓa ganowa. Na ce don karyar ba ta yi laifin komai ba. Na so in ƙara wani abu mai daɗin ji, bai zo ba.

Hukuncin bai ɗauki minti goma ba. Za a bar Dusa ta huta, ta sake haihuwa sau ɗaya da abincin da ya dace, a gwada 'ya'yan. In sun faɗi, doka ta hau kanta. Mai Sito takardar gargaɗi ya samu, zai yi ritayarsa lafiya. Daga yau kuma duk man da zai shiga kwanon uwa mai ciki sai Likita ta duba shi tukuna. 'Yan bakwai ɗin nan, biyu za su ci gaba da horo, biyar za a nema musu gidaje. Ana ba su man kifi yanzu, Likita ta ce zai taimaka tunda ƙwaƙwalwarsu ba ta gama girma ba, amma kada in sa rai za a maido duk abin da ya wuce su a ciki. Wannan ni zan ɗauke shi, ba kwamiti ne zai yafe mini ba.

Ni kuma an sallame ni. Shugabar da bakinta ta faɗa, ta ce ta so a ce akwai wata hanya, amma makaho yana ɗora ransa ne a kan sa hannun mutane irina. Gaskiya ta faɗa, ban yi musu ba. Manaja ya biyo ni baranda yana wani sunkuyar da kai, wai bai so ta kai ga haka ba. Na ce masa ya je ya koyi shinshina.

Jiya ce ranata ta ƙarshe. Mako guda na yi ina nuna wa matar da aka ɗauka a madadina aiki. Mai hankali ce, ta yi aiki a asibitin dabbobi, kuma tana da tambaya, abin da ni na rasa. Na nuna mata yadda Dusa take son a jiƙa mata gari, da kunnen da ba ta so a taɓa, da yadda take tona shimfiɗa in haihuwa ta kusa. Ni ba zan ga haihuwar ba, ba zan ga gwajin ba. Ko 'ya'yan za su zagaya ragar ko ba za su zagaya ba, sai dai in ji a bakin mutane. Amma za su zagaya, Baba. Ka rubuta ka ajiye.

Da la'asar muka fito da ita tsakar fili, na miƙa wa matar igiyar. Dusa ta ƙi motsi. Matar ta ja, ta lallasa, ta kira sunanta, ita kuwa ta zauna a kan ƙafata ta kafa mini ido. Ma'aikata duk sun tsaya suna kallo. Na san in na durƙusa na rungume ta, gobe za ta ƙi cin abinci a hannun matar, kuma cin abincin nan shi ne dalilin duk abin da na yi. Don haka na miƙe tsaye, na ɗaure fuska, na ba ta umarni da muryar aiki, na ce ta tafi. Ta tashi ta bi matar har ƙofar ɗakin reno, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya, don haka na koya mata tun tana wata uku.

Zan taho ranar Talata a motar safe. Ka ce wa Inna ta share mini ɗakin baya, kuma don Allah kada kowa ya yi mini jaje.

'Yarka har abada,
Barkono